Wilt Chamberlain: dogon da ya ci maki 100, rediyo kaɗai ta shaida

 Yau tarihin wani ɗan wasan ƙwallon kwando muka kawo muku, Wilt Chamberlain na Amurka, wanda ya rasu tun 1999 amma har gobe ana gardama a kansa. Gardamar kuwa mun san irinta. Ita ce wadda ake yi a majalisa idan an zo batun kokowa: dattijo ya ce ba a yi kamar Kantu ba, saurayi ya ce ai Isaka Isaka ya wuce kowa, alhali ba su taɓa haɗuwa a fili ɗaya ba.

An haifi Wilt ranar 21 ga Agusta 1936 a birnin Filadelfiya, cikin gidan talakawa baƙar fata mai ƴaƴa tara. Yana ƙarami ciwon huhu ya kusa kashe shi, har ya rasa shekara guda ta lakwal. Da ya warke sai tsawo ya zo masa kamar giginya, ya tsaya a mita 2 da santimita 16. Kuma ba tsawo kaɗai ba ne: a makarantar Overbrook ya yi gudu, ya yi tsalle, ya yi jifan dalma. A 1955 ya tafi jami'ar Kansas, lokacin da wariyar launin fata ke hana baƙi zama a gidajen abinci da yawa na garin. A 1957 ya kai ƙungiyar jami'ar wasan ƙarshe na ƙasa, North Carolina ta doke su da 54 da 53 bayan ƙarin lokaci har sau uku. Tun daga ranar aka fara yi masa gorin da ya bi shi tsawon rayuwa, wai shi mai tara maki ne, ba mai ɗaukar kofi ba.

Bayan shekara guda tare da ƴan wasan nishaɗi na Harlem Globetrotters, ya shiga babbar gasar NBA a 1959 da ƙungiyar Philadelphia Warriors. Shekarar farko ma aka ba shi gwarzon gasa. A Nuwamba 1960 ya cafe ƙwallo 55 daga cikin waɗanda suka dawo daga kwando a wasa guda, kuma a gaban babban abokin hamayyarsa, Bill Russell na Boston.

Kakar 1961 zuwa 1962 ita ce ta rikita masu lissafi. Ya ci maki 4,029, wato 50.4 a kowane wasa. Wasan NBA minti 48 ne, amma matsakaicinsa ya kama minti 48 da rabi, saboda ba a fitar da shi ya huta, ga kuma wasannin da suka shiga ƙarin lokaci. Ranar 2 ga Maris 1962, a wani ƙaramin gari mai suna Hershey, ya ci wa New York Knicks maki 100 shi kaɗai, aka tashi 169 da 147. Ya jefa sau 63, 36 suka shiga, sannan a jifan kyauta ya ci 28 cikin 32, shi da aka sani da ɓarar da kusan rabin irin wannan jifa. Mutum 4,124 ne a zauren. Babu talabijin, babu hoton bidiyo. Abin da ya rage mana shi ne muryar mai gabatarwa Bill Campbell a rediyo, ita ma ta ƙarshen wasan. Mu ma'aikatan rediyo wannan wurin yana faranta mana rai, ba za mu ɓoye ba. Kobe Bryant ya ci 81 a 2006, amma ɗarin nan tana nan ba wanda ya taɓa ta.

To, a nan ne samarin yau ke tayar da magana, kuma suna da hujja. A zamanin Wilt wasa da sauri ake yin sa. Masu lissafi sun ƙiyasta ƙungiyarsa tana kai hari wajen sau 130 a wasa, alhali yau abin bai wuce wajen 100 ba. Jifa ya fi yawa, ɓarar da jifa ta fi yawa, don haka maki da cafe ƙwallo duk sun kumbura. Mun ɗauki biro mun gwada: idan aka mai da shi minti 36 kamar taurarin yanzu, aka rage harin zuwa 100, makinsa 50 sai su koma wajen 29. Babban maki ne har yau, amma ba na aljanu ba.

Dattawa su ma ba hannu rabbana suke ba. Ƙungiyoyi 9 ne kawai a gasar a lokacin, yau 30 ne, don haka Wilt yana karo da Russell a kai a kai, ba sau biyu a shekara ba. Babu layin maki uku sai a 1979, don haka ƴan tsaro ba su da dalilin watsewa, duk a kansa suke taruwa. A 1964 ma an faɗaɗa filin da ke ƙarƙashin kwando daga ƙafa 12 zuwa 16 don a nisanta shi da raga. Sannan jure minti 48 kowane dare ai shi ma gwaninta ne. A wasanni 1,045 da ya buga ba a taɓa fitar da shi don cikar laifuffuka ba.

Akwai ma'aunin ƙwazo da wani ɗan jarida, John Hollinger, ya ƙirƙiro, ana ce masa PER. Yana haɗa duk abin da ɗan wasa ya yi a kowane minti, ya daidaita shi da saurin wasa, ya ajiye matsakaicin ɗan wasa a kan 15. Na Wilt a shekarun ƙarfinsa ya haura 30. Sai dai ma'aunin yana ɗingishi idan an koma baya, domin sai a kakar 1973 zuwa 1974 aka fara rubuta kaɗe ƙwallo da ƙwace ta, shi kuwa Wilt a 1973 ya ajiye wasa. Shi ya sa a littafi Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ke riƙe da kambun kaɗe ƙwallo da 3,830, Dikembe Mutombo na Kwango na biye da shi. Ba mu rage musu komai ba, sun ci guminsu. Amma na Wilt da na Russell ba wanda ya ƙidaya.

Abin da ya fi ba mu sha'awa a rayuwarsa ya zo daga baya. A kakar 1966 zuwa 1967, yana ƙungiyar Philadelphia 76ers, mai horarwa Alex Hannum ya nemi ya rage jifa ya riƙa ba abokai. Makinsa ya sauka zuwa 24, amma kashi 68 cikin ɗari na jifansa suna shiga. Ƙungiyar ta ci wasa 68, ta faɗi 13, ta kawar da Boston, ta ɗauki kofi. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. A kakar da ta biyo ya fi kowa a gasar yawan miƙa ƙwallon da aka ci. A 1972 ya sake ɗaukar kofi da Los Angeles Lakers, shekarar da suka ci wasa 33 a jere. Ya bar wasa da maki 31,419 da cafe ƙwallo 23,924. Matsakaicinsa 30.1 ne a wasa, daidai da na Michael Jordan in ban da ɗan ɓurɓushi. Russell kuwa, da bai kai shi maki ba, kofi 11 gare shi, Wilt 2.

Su biyun sun yi abota, har suna cin abinci a gidajen juna. Bayan wasan ƙarshe na 1969 Russell ya soki Wilt a bainar jama'a, suka yi gaba ta fiye da shekara 20, kafin Russell ya nemi afuwa suka shirya. Wilt ya koma wasan ƙwallon raga, ya fito a fim, bai taɓa aure ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi a gidansa na Los Anjalas ranar 12 ga Oktoba 1999, yana da shekara 63, kuma Russell yana cikin waɗanda suka yi jawabi wurin makokinsa.

Mu da muke zaune kusa da ramin gawayin Sonishar mun san ba a auna madugun ayarin Bilma da direban babbar mota da kilo kaɗai, sai an tambayi hanya da abin hawa da kwanakin tafiya. Haka lissafin Wilt yake. Samari, ku riƙe alƙalumanku, amma ku tambayi yadda aka same su. Kuma ƙungiyoyin unguwanninmu, ku samu littafi da biro ku riƙa rubuta wasannin yaranmu tun yanzu. Ku aiko mana da ra'ayinku, Wilt ko Russell, za mu karanta a shirin wasanni.