Saint-Georges: gwanin goge da takobi da Faransa ta hana kujera sau biyu

A shekarar 1776 aka shiga neman wanda zai shugabanci babban gidan wasan waƙa na Opera da ke birnin Paris. Sunan da ya fi fitowa shi ne na Joseph Bologne, wanda aka fi sani da Chevalier de Saint-Georges. Shekarunsa talatin, kuma ƙungiyar makaɗan da yake jagoranta tana cikin waɗanda ake ji da su a duk Turai. Sai uku daga cikin manyan matan gidan suka kai wa Sarauniya Marie Antoinette takardar koke, suna cewa mutuncinsu ba zai bari su karɓi umarni daga ɗan ruwa biyu ba. Babu wadda ta ce bai iya aikin ba. Don kada ya jefa sarauniya cikin jin kunya, ya janye sunansa.

An haife shi a 1745 a tsibirin Guadeloupe, wanda ke ƙarƙashin mulkin Faransa. Mahaifinsa Bafaranshe ne mai gandun noma, mahaifiyarsa Nanon kuwa baƙar fata ce da ake bautarwa a gidan. Uban ya kai shi Faransa tun yana yaro, ya sa shi a makarantar La Boëssière, inda ake koyar da wasan takobi. A nan ya fara suna, har aka ɗauke shi cikin dogaran sarki.

Shi ya sa mutanen Paris suka yi mamaki da suka gan shi riƙe da gogen Turawa, wato biyolin, a ƙungiyar Concert des Amateurs ta François-Joseph Gossec. A 1772 ya fito gaban jama'a yana goga kiɗan da shi da kansa ya tsara, kuma bayan shekara guda aka miƙa masa ragamar ƙungiyar. Da rashin kuɗi ya rusa ta a 1781, sai ya jagoranci wata sabuwa, Loge Olympique. Ita ce ta sa Joseph Haydn ya rubuta manyan kiɗe-kiɗe shida da har yau ake jingina su ga birnin Paris. Ba duk abin da ya taɓa ne ya yi albarka ba: wasan waƙarsa na farko, Ernestine, ya faɗi warwas a 1777. Takobin ma bai ajiye shi ba, domin a 1787 ya yi wasa a Landan gaban yarima mai jiran gadon Ingila.

Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke, sai ya bi bayan sabuwar gwamnati, duk da cewa ya ci gishirin fada. A 1792 aka naɗa shi kanar na wata rundunar mahaya ta 'yantattun baƙaƙe da 'yan ruwa biyu. Cikin hafsoshinsa har da Thomas-Alexandre Dumas, mahaifin shahararren marubucin nan. A 1793, lokacin da Janar Dumouriez ya ci amanar jamhuriya, Saint-Georges na cikin waɗanda suka hana birnin Lille faɗawa hannunsa.

Ladan da ya samu shi ne tuhuma. Aka zarge shi da wasa da kuɗin runduna, aka tuna masa tsohuwar hulɗarsa da 'yan sarauta, aka tuɓe shi, aka tsare shi wata da watanni ba tare da shari'a ba. Duk wanda ya taɓa bin takarda ofis-ofis zai gane abin da ya biyo baya: bayan an sake shi ya yi ta rubuta koke a mayar masa da rundunarsa, amma ba ta dawo hannunsa ba.

Ya koma ga gogensa, ya sake jagorantar wata ƙungiyar makaɗa a Paris. A can ya rasu a watan Yunin 1799, yana da shekara 53. Bayan shekara uku Napoleon ya maido da bauta a Guadeloupe.