Simone de Beauvoir: Bafaranshiyar Da Ta Tuhumi Ma'anar Mace

Kusan duk shekara, idan na zo kan darasin jinsi a nahawun Hausa, sai wani ɗalibi ya tambaye ni dalilin da ya sa rana ta zama tamata, wata kuma namiji. Amsata ba ta canzawa: babu wata halitta a jikin rana da ta jawo haka, masu harshe ne suka yanke hukunci. Wannan tambaya kan tuno mini da Simone de Beauvoir, wadda ta yi irinta, amma a kan 'yan Adam.

An haife ta a birnin Paris ranar 9 ga Janairun 1908, a gidan masu hali waɗanda suka karye bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A wancan zamani iyayen yarinya ne ke haɗa dukiyar da za ta shiga da ita gidan miji, kusan kamar kayan ɗaki da gara a wajenmu. Da yake babu wannan dukiya, sai karatu ya zame mata mafita. A 1929, tana da shekara 21, ta zo ta biyu a jarrabawar ƙasa ta malaman falsafa. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Jean-Paul Sartre, shi kuwa karo na biyu ke nan da ya zauna mata. Sun yi tarayya ta shekara hamsin ba tare da aure ba, abin da mai karatu na nan, kamar ni, ba zai lamunta ba.

A 1949 ta fitar da Le Deuxième Sexe, wato Jinsi Na Biyu, mujalladi biyu, kusan shafi dubu, shekara biyar kacal bayan matan Faransa sun sami 'yancin jefa ƙuri'a. Masu sukarta da yawa, waɗanda ba su karanta ta ba, sukan ce ta musanta bambancin halitta. Ba haka ba ne. Ta buɗe littafin ne da ilimin halittu: haila, ciki, haihuwa, shayarwa, kuma ta yarda duk nauyi ne na gaske. Abin da ta ƙi shi ne a mayar da jiki ƙaddarar da ta rufe kowace ƙofa. A ganinta, jiki shi ne halin da mutum ya tsinci kansa a ciki. Ma'anar da aka ɗora masa kuwa aikin tarbiyya ne da doka da tattalin arziki. Ta kuma lura cewa namiji ya zama ma'aunin ɗan Adam, mace kuma ana bayanin ta ne ta hanyar abin da ta bambanta da shi. A nan Hausa tana ba ni wahala, domin kalmar jinsi ɗaya ce ke ɗauke da halittar da kuma matsayin, alhali rabe su shi ne jigon maganarta.

Fadar Paparoma ta sanya littafin cikin haramtattu a 1956. Amma a tawa fahimtar, fassara ta fi haramci yi masa illa. Wanda ya mayar da shi Ingilishi a 1953, Howard Parshley, masanin dabbobi ne, ba na falsafa ba. An zubar da shafuffuka masu yawa, an kuma murɗe kalmomin falsafarta, kuma a haka masu Ingilishi, har da mu a jami'o'inmu, suka san ta har zuwa 2009 da cikakkiyar fassara ta fito.

Ba ta rasa tabo ba. A 1943 an dakatar da ita daga koyarwa bayan mahaifiyar wata ɗalibarta ta kai ƙara kan alaƙarsu. Masana mata da suka biyo bayanta, irin su Luce Irigaray, sun ga cewa neman daidaito da namiji bai isa ba, sai an ba bambancin kansa daraja. Ni ma ina ganin ta tsananta wa haihuwa da reno, ta kuma auna matan duniya da mudun Paris.

Sai dai a 1960, da sojojin Faransa suka azabtar da Djamila Boupacha, 'yar gwagwarmayar Aljeriya, suka keta mata haddi a tsare, Simone ce ta rubuta a jaridar Le Monde ta tona asirin ƙasarta, ta kuma shugabanci kwamitin kare ta tare da lauya Gisèle Halimi. An saki Djamila a 1962. Simone ta rasu ranar 14 ga Afrilun 1986, aka binne ta a maƙabartar Montparnasse, a kabari ɗaya da Sartre.