Alhaji Abubakar Imam (1911-1981): Aikin Albashi Da Aikin Alƙalami

Da wuya a sami ɗalibin Hausa wanda bai karanta Magana Jari Ce ba, kuma wanda duk ya ratsa ta wurin masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari ta Kano zai tarar da shi a jere tare da Ruwan Bagaja. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, mutumin da ya rubuta su ya rayu shekara 70, ya kuma riƙe alƙalami kusan shekara 50, amma ƙagaggun labaran da suka fito da sunansa duk ya rubuta su ne tsakanin 1933 da 1936. Wannan maƙala za ta bi rayuwar Alhaji Abubakar Imam ta fuskar ayyukan da ya ci abinci da su, domin da yawa daga cikinmu ɗaliban wannan sashe muna da sha'awar rubutu, kuma ko ba jima ko ba daɗe za mu zaɓi inda za mu nemi na tuwo.

An haifi Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Gidansu gidan malanta ne da alƙalanci, saboda haka ya buɗe ido da karatun allo da na littattafan Larabci. Daga baya ya bi yayansa Malam Bello Kagara zuwa Katsina, inda ya shiga makarantar boko. Ya yi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina daga 1927 zuwa 1932, da ya gama kuma aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Yana cikin wannan aiki ne, a 1933, Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su shiga gasar ƙaga labari da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East. Babu ɗaya daga cikinsu wanda rubutu ne sana'arsa, kowa da aikinsa na albashi. Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta nasa, a ɗan lokacin da aji ya bar masa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin a ganina aikin koyarwa ya yi wa Imam rana ta hanyar da ba a faye ambata ba. Malamin makaranta yana tashi daga aiki da sauran rana, yana da hutun zango, kuma littattafai su ne kayan aikinsa. Fiye da wannan, kullum yana tsaye gaban yara waɗanda fuskarsu ba ta ɓoye gajiya. Wanda ya saba da haka ya san inda zance yake fara nauyi, ya san lokacin da zai sako abin dariya. Duk wanda ya bi karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, gari bayan gari, kowa na ramuwar gayya, zai ga hannun mutumin da ya san yadda ake riƙe hankalin mai saurare. Manazarta sun nuna tasirin Maƙamatul Hariri a cikin littafin, wannan kuwa gadon karatun gida ne.

Amma fa kada mu yi wa koyarwa yabon da ya wuce kima. Ruwan Bagaja ɗan ƙaramin littafi ne, irin wanda mai aiki zai iya gamawa da yamma da kuma ranakun hutu. Babban aikin bai samu ba sai da aka ɗauke wa Imam aji ɗungurungum. A 1936 East ya nemi aronsa daga Katsina, ya zo Zariya ya zauna wata shida ba shi da wani aiki sai karatu da rubutu. An tara masa littattafai na Larabawa da na Turawa da na mutanen Indiya, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Grimm. Ya karanta, ya zaɓa, ya sāke musu riga, ya mai da sarakunansu da fadawansu da ɓarayinsu Hausawa, sa'an nan ya sa labaran a bakin aku. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, labari sama da 80. Watau dai wata shida na sarari, albashi na tafiya, ga kuma edita a kusa mai duba aiki, sun haifar da abin da sauran shekarun duka ba su maimaita ba. Da ya gama ya koma ajinsa a Katsina.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka kuma ɗauko Imam ya zama editanta na Hausa. Ga duk mai kallo daga nesa, marubuci ya sami aikin da ya dace da shi, tun da ga takarda, ga injin ɗab'i, ga masu karatu a duk faɗin Arewa. Kuma lalle ya yi aikin da ba za a manta da shi ba, don kuwa Hausar jarida a hannunsa ta tashi, shi ya nuna yadda za a ba talaka labarin Yaƙin Duniya na Biyu da maganar da zai gane. Sai dai jarida ba ta jira. Ana gama fitowa ɗaya ta gaba ta ƙwanƙwasa ƙofa, ga fassara, ga wasiƙun masu karatu, ga sharhi, ga kuma Turawan mulki da sarakuna da ake taka-tsantsan da su. Ƙarfin da malami zai koma gida da shi ya ƙaga labari, shi ne edita yake ƙararwa a ofis, domin rijiya ɗaya ake ɗiba. Shekara 12 ya yi a kan wannan kujera.

Jaridar ce kuma ta ja shi cikin sha'anin jama'a. A 1943 yana cikin editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, ya kuma gana da Lugga ya bayyana masa damuwar 'yan bokon Arewa. Wannan tafiya ita ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilmi, littafi mai daɗin karatu, amma labarin abin da ido ya gani ne. Daga nan yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya shiga majalisa a farkon shekarun 1950, ya yi aiki da hukumar NORLA mai buga littattafai, sa'an nan ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa har ya shugabance ta.

Bai ajiye alƙalami ba a duk tsawon wannan lokaci. Ya rubuta tarihin Annabi (SAW) da na Sayyidina Abubakar, ya rubuta Haji Mabuɗin Ilmi, da wasu littattafan faɗakarwa. Wani zai ce girma da tsoron Allah ne suka karkata shi daga labarin aku zuwa ga addini, kuma wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, don malamai da yawa na zamaninsa suna ɗaukar ƙagen labari wasan yara. Amma ni ina ganin akwai hannun aiki a ciki. Littafin tarihi ko na tambaya da amsa ana iya rubuta shi guntu-guntu, a ajiye yau a ɗauka jibi ba abin da ya ɓace. Ƙagaggen labari kuwa yana son mutum ya kwana da shi ya tashi da shi, wanda kuwa ke zaman hukuma yana duba takardun ma'aikatan Arewa duka ba shi da wannan sukuni. Abokan gasarsa ma hanyar da suka bi ke nan: Bello Kagara ya shiga alƙalanci har ya zama Walin Katsina, Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista, kuma babu wanda ya sake fitar da labari na biyu.

Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981. Bayan shekara takwas, a 1989, kamfanin NNPC ya buga tarihin rayuwarsa daga takardun da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara, da Ingilishi. Allah ya jiƙansa, amin.