Alhassan Ɗantata: Almajirin Bebeji da ya riƙa sauya hanya kafin ta mutu

Kai da ke shirin kammala digiri a Samaru, ko ke da kika dawo daga bautar ƙasa kina ta aika takardun neman aiki shiru kamar an shuka dusa, na san an sha ce muku ku kama sana'a, kuma sunan da ake yawan jefo muku shi ne Ɗantata. Ana faɗin dukiyarsa, amma ba a cika faɗin yadda ya tara ta ba.

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, zuriyar da ta yi suna a fatauci. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta tafi Akra, aka bar shi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Sunanta ne ya bi shi har yau. Ya yi karatun allo, ya ci wuyar almajirci, sannan ya shiga ayarin fataken goro zuwa Gwanja, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna.

To, a nan nake so ka tsaya. Wajen 1906, lokacin da mafi yawan fatake ke bin hanyar da suka gada, shi ya fara ɗora kayansa a jirgin ruwa tsakanin Akra da Legas. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, ya biyo ta nan Zariya (tashar jirgin ce ma ta haifar da Sabon Garin da kake zuwa sayayya), tsohuwar hanyar ayari ta fara mutuwa. Goro bai daina tsada ba, hanyar kawo shi ce ta sauya, kuma Alhassan ya riga ya koma sabuwar.

Bai tsaya a goro ba. Turawa na neman gyaɗa ruwa a jallo don yin mai a Ingila, amma ba su san ƙauyuka ba, manoma kuma ba su san su ba. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa. Sai ya baza yaransa ƙauye-ƙauye, yana ba su kuɗi tun kafin kaka, su sayo, su kawo. Ba lauya, ba takardar yarjejeniya mai shafi goma, amana ce kawai da sanin wa za ka ba wa. Cikin 'yan shekaru ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano. A 1929, da aka buɗe reshen Bank of British West Africa a birnin, ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20.

Kada fa wani ya yi maka wayo da labarin nan ya ce ai boko ba shi da amfani. Ɗantata bai fara da aljihu cike ba, gaskiya ne, amma ya tashi a gidan da ake zancen farashi da hanya tun yana goye, ya kuma yi shekaru yana bin manya kafin ya tsaya da ƙafarsa. Wannan ma makaranta ce, kuma ta fi shekara huɗu. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu tara ɗalibai a taron bita na kwana biyu, a raba satifiket, a ce an yaye 'yan kasuwa.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari a Kano. 'Ya'yansa, irin su Sanusi da Aminu, suka ci gaba da harkar. Mariya, 'yar Sanusi, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote.

Dalar gyaɗar Kano ta ɓace a shekarun 1970, fari da cutar gyaɗa da kuɗin fetur suka haɗu suka kwantar da ita. Amma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Samaru, tana fitar da ingantaccen irin gyaɗa da ake kira SAMNUT, kuma tsakaninta da masu sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kasuwar Sabon Gari mota ɗaya ce.