Farfesa Olikoye Ransome-Kuti: Likitan da ya ƙi ɓoye gaskiya kan ƙanjamau

A yau, mace mai juna biyu da ta je awon ciki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko a ƙaramin asibitin unguwarsu, akan yi mata gwajin ƙwayar cutar HIV. In an samu tana ɗauke da ita, sai a ɗora ta a kan magani domin kare lafiyarta da ta jaririnta. Kafin a kai ga wannan matsayi, sai da aka samu waɗanda suka fara fitowa fili suka ambaci cutar da sunanta. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na sahun gaba a cikinsu.

An haife shi ranar 30 ga Disamba, 1927, a Ijebu Ode da ke Jihar Ogun ta yanzu. Mahaifinsa, Israel Oludotun Ransome-Kuti, malamin makaranta ne kuma limamin coci, mahaifiyarsa Funmilayo kuwa fitacciyar mai fafutukar kare haƙƙin mata ce. Shi ne yayan mawaƙi Fela da Dakta Beko. Ya karanta aikin likita a Kwalejin Trinity da ke Dublin, ya ƙware a fannin lafiyar yara, ya kuma kai matsayin farfesa a Jami'ar Legas.

Shekarun da ya shafe a ɗakin jinyar yara sun nuna masa cewa yawancin abin da ke kashe ƙananan yara, kamar gudawa da ƙyanda da tamowa, ana iya tare shi tun daga gida. Da Janar Ibrahim Babangida ya naɗa shi Ministan Lafiya a 1985, sai ya karkata akalar ma'aikatar zuwa kiwon lafiya a matakin farko. Ya fara gwada tsarin a ƙananan hukumomi 52, ya ƙarfafa allurar rigakafi da shayar da nonon uwa da amfani da ruwan gishiri da sukari. A 1988 aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa a kan wannan ginshiƙi.

A zamaninsa ne ƙanjamau ta bayyana a Najeriya. A 1986 ya sanar da 'yan ƙasa cewa an samu mutum na farko mai cutar, wata yarinya, a daidai lokacin da jama'a da dama ke ɗaukarta a matsayin ciwon Turawa ko ƙirƙirarren labari. Ma'aikatarsa ta kafa kwamitin ƙwararru, daga bisani ta buɗe shirin ƙasa na yaƙi da cutar, aka fara tantance jini kafin a ƙara wa majinyaci tare da wayar da kan jama'a. Ya bar kujerar a 1992.

Babbar jarrabawarsa ta zo ne bayan ya sauka daga muƙami. Ranar 2 ga Agusta, 1997, ƙaninsa Fela ya rasu a Legas. A wancan lokaci iyalai kan danganta irin wannan rasuwa da gajeruwar rashin lafiya ko sammu, don gudun abin kunya. Kashegari Olikoye ya zauna gaban manema labarai ya bayyana cewa ƙanjamau ce ta yi ajalin ɗan'uwansa. Ya san maganar za ta yi wa dangi da masoya nauyi, amma ya ga cewa shirun zai jawo asarar rayukan wasu. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Alƙaluma sun gaskata damuwarsa. Binciken da ake yi a kan masu juna biyu ya nuna yaɗuwar cutar ta tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari a 1991 zuwa kashi 5.8 a 2001. A 2002 Gwamnatin Tarayya ta fara raba magungunan rage kaifin cutar a cibiyoyi 25, kuma daga 2006 ta mayar da su kyauta. Olikoye bai ga wannan mataki na biyu ba, domin ya rasu ranar 1 ga Yuni, 2003, a Landan, inda ya je halartar wani taro na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana da shekara 75.

Abubuwa sun sauya bayansa. A 2014 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da cutar. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna yaɗuwarta ta sauka zuwa kashi 1.4 tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, inda aka ƙiyasta mutum miliyan 1.9 na rayuwa da ita. A Bauchi, hukumar BACATMA ce ke jagorantar yaƙi da ƙanjamau tare da tarin fuka da kuturta da zazzaɓin cizon sauro. Haɗin yana da dalili, domin tarin fuka ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da HIV.

Likitoci sun tabbatar cewa wanda ke shan maganinsa kullum, har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini, zai iya yin tsawon rai cikin ƙoshin lafiya, kuma ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Sai dai magani ba ya isa ga wanda tsoron tsangwama ya hana shi zuwa gwaji. Wannan tsoro ne Olikoye ya tunkara a 1986 da 1997, kuma har yanzu shi ne ke hana mutane da yawa taka ƙofar asibiti.