Malam Aminu Kano: Jagoran da Ya Tsaya wa Masu Ƙananan Sana'o'i

An haifi Malam Aminu Kano a ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa da ke birnin Kano, a gidan ilimi da shari'a. Bayan ya kammala Kwalejin Kaduna, ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi, sannan ya ƙaro karatu a Landan. A 1948 ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, ya kuma ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950 domin ya rungumi siyasa.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma ya zama shugabanta a 1953, ta samu ƙarfinta daga teloli, mahauta, marina, 'yan koli da manoma. Mutane ne marasa albashi da fansho, amma su ke ɗauke da nauyin haraji da aikin tilas. Irinsu ne suka cika zangunan Hausawa na Kudu, kamar Sabo ta Ibadan da aka keɓe a 1916, inda fataucin shanu da goro ya dogara ga amana tsakanin maigida, dillali da baƙo.

Malam ya ɗauki talaucin mai sana'a a matsayin sakamakon tsarin mulki, don haka ya nemi a rage masa haraji, a kare shi a gaban alƙali, a kuma ba shi ƙuri'a, har da mata. Magoya bayansa sun sha ɗauri da bulala a kan wannan aƙida.

Ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, ya kuma riƙe ma'aikatun sadarwa da lafiya a gwamnatin Janar Yakubu Gowon. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da ya sauƙaƙa wa manomi da makiyayi.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa na Gwammaja, Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Har gobe galibin ma'aikatan Najeriya masu zaman kansu ne, kuma yawaitar kuɗin da ake karɓa a kasuwanni da tashoshin mota na nuna cewa gwagwarmayarsa ba ta ƙare ba.