Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafi

Jama'a, yau tarihinmu na wani baƙo ne irinmu, wanda ya bar gida bai koma ba: Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi.

A Katsina ya yi karatu, sannan ya kama hanyar Makka. Wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hatimi, wato jera lambobi cikin gidaje yadda ko ta ina aka tara, tsaye, kwance ko a karkace, jimla ɗaya ce. Mai gida 9, lamba 1 zuwa 9, kullum 15 yake bayarwa. Malam ya shimfiɗa ƙa'idojin cika hatimi mai layuka 3, 5, 7 har gaba, daki-daki. Da irin wannan bin ƙa'ida kwamfuta ke aiki yau.

Daga baya ya sauka Alƙahira, gidan Shehu Hasanul Jabarti. Nan ya rasu a 1741, ya bar littattafansa amana hannun mai masaukinsa. Ɗan maigidan, Abdurrahman, shi ya adana labarinsa cikin littafin tarihinsa.

To, mu mazauna Gombe, in yaranmu sun ce lissafi na Turawa ne, sai mu ba su wannan suna. Allah Ya jiƙan Malam, amin.